Wai da gaske ne wannan matar ta tsallake ɗanta ta tafi ta zama Sista?

Maman_Ilham:

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah tambaya gare ni, musamman ga 'yan uwanmu Kiristoci 'yan Katolika ko duk wanda ya san tarihin Faransa. Akwai wata abokiyar aikina 'yar Kamaru da ta ce sunan wata waliyyiya aka sa mata, wai Jeanne de Chantal, matar wani basarake ce a Faransa, tana da kuɗi tana da gida tana da 'ya'ya, mijinta ya rasu sai ta bar komai ta shiga gidan sistoci, wato matan coci da ke barin aure su keɓe kansu don ibada. To duk wannan bai dame ni ba, abin da ya tsaya min a rai shi ne da ta ce wai ranar da za ta tafi ɗanta ya kwanta a bakin ƙofa yana kuka don kar ta fita, ita kuma ta ɗaga ƙafa ta tsallake shi ta wuce. Ni fa uwa ce, wallahi na kasa gane yadda za a ce wannan ibada ce har a ce mata waliyyiya. Shin abin ya faru da gaske ko ƙari ne irin na masu ba da labari? Kuma wa ta bar wa yaran? Ba neman rigima nake ba, sani nake so.

Katikis_Markus:

Amin wa alaikis salam 'yar uwa. Tambayarki ba ta rigima ba ce, mu ma a coci mata sukan yi mana ita duk ranar 12 ga Agusta da ake tunawa da ita. Abin ya faru, amma sai kin ji daga tushe, don in aka yanko wannan wurin kaɗai kowa ma zai ce matar ba ta da imani.

An haife ta a garin Dijon a 1572. Mahaifinta Bénigne Frémyot babban alƙali ne a babbar kotun lardin Bourgogne, mahaifiyarta kuma ta rasu tun tana da wata 18, saboda haka a hannun uba ta tashi, kuma lokacin Faransa na cikin yaƙin basasa tsakanin Katolika da Furotesta, wanda sai 1598 aka samu ya lafa. A 1592 tana da shekara 20 aka aurar da ita ga Christophe de Rabutin, shi ne baron na Chantal, wato basarake mai ƙasa da talakawa a ƙarƙashinsa. Gidansu na Bourbilly da ta tare ta same shi bashi ya yi masa katutu, maigidan kullum yana fagen yaƙi ko fadar sarki Henri na 4, sai ya damƙa mata komai. Ita ke tashi da asuba, ita ke bin lissafi, ita ke sallamar masu aikin gona, har ta fitar da gidan daga bashi, kuma da aka yi yunwa a ƙofarta talakawa ke layi da kwanukansu. Auren nan na soyayya ne fa, kar ki ɗauka irin wadda aure ya gundura ce ta gudu. Sun haifi 'ya'ya 6, biyun farko suka koma tun suna jarirai, 4 suka rayu, namiji ɗaya Celse-Bénigne da mata uku.

A 1601 maigidan ya fita farauta da wani ɗan uwansa kuma amininsa, d'Anlezy, shi wannan ya hangi motsi a cikin ciyayi ya zaci dabba ce ya saki bindiga. Kwana 9 yana jinya ya cika. Kafin ya cika ya yafe wa mutumin, amma ita ta kasa, shekaru ko sunansa ba ta son ji. Tana da shekara 29, ga goyon 'yar makonni.

Sai kuma ga surukinta, tsoho ne mai baƙar zuciya a wani gida da ake kira Monthelon kusa da Autun, ya aiko mata cewa ko ta kwaso jikokinsa ta dawo gidansa ko ya cire su daga gado. Don 'ya'yan ta tafi. Ta je ta tarar wata 'yar aiki ce ke riƙe da gidan da tsohon gaba ɗaya, har ta haifa masa 'ya'ya, makullai a hannunta, ita da take matar ɗan gida sai abin da aka ga dama aka ba ta. Kusan shekara 7 ta yi a haka, tana koyar da 'ya'yanta karatu tare da 'ya'yan matar nan, tana wanke gyambon marasa lafiyar ƙauyen da hannunta. To ki riƙe wannan, matar da ta shanye wulaƙancin shekara 7 don kar 'ya'yanta su rasa gadonsu ita ce dai ake cewa ta yar da su.

A azuminmu na 1604 mahaifinta ya kira ta Dijon ta saurari wa'azin wani bishop, François de Sales. Bishop ɗin birnin Janiba (Geneva) ne amma a Annecy yake zaune don Janiba na hannun Furotesta. Kafin nan tana ƙarƙashin wani fada, wato limamin coci, da ya ɗaure ta da alkawura, kar ta canza shi, kar ta faɗa wa kowa abin da ya ce mata, ga azumi da wahalar da jiki barkatai, duk ta rame ta shiga waswasi. Shi wannan bishop ɗin ne ya kwance ta, a wata wasiƙa ta watan Oktoba na shekarar ya rubuta mata cewa a yi komai don ƙauna, kar a yi komai don tilas. Shi ne ma ya lallaɓa ta a kan wanda ya harbe mijinta, ya ce ba sai ta je nemansa ba amma in Allah ya haɗa su ta sassauta zuciyarta, a ƙarshe har ita ta tsaya wa ɗan mutumin a wajen baftisma.

Tun a lokacin take roƙonsa ya bar ta ta shiga gidan sistoci, shi kuma yana ce mata ba yanzu ba, yaranki ƙanana ne. Shekara 6 yana riƙe da ita. Sai a watan Maris na 1610 ta tafi, kuma ga yadda ta bar gida: ƙaramar, Charlotte, ta rasu a farkon shekarar. Babbar, Marie-Aimée, an riga an aurar da ita ga ƙanin bishop ɗin, Bernard de Sales, gidan mijin kuma kusa da Annecy yake. Ta tsakiyar, Françoise, da ita ta tafi. Namijin kaɗai ya rage a Dijon, yana da kusan shekara 14, a hannun kakansa alƙali da kawunsa André wanda shi ne babban bishop na Bourges, kuma dama can a wajensu yake karatu. Dukiyarta ta sa hannu ta bar wa yaran. Shi ne ya kwanta a bakin ƙofa, ita kuma ta tsallake tana kuka, ta tsaya na ɗan lokaci sannan ta wuce. Ranar 6 ga Yuni 1610 ita da wasu mata biyu, Favre da Bréchard, da wata mai yi musu hidima, suka buɗe gidan farko a Annecy, ƙungiyar da aka sa wa sunan Ziyarar Maryamu, wato ziyarar da Maryamu ta kai wa Alisabatu mahaifiyar Yohanna.

Hajiya_Turai:

Malam Markus sannu da ƙoƙari, ka yi bayani amma ni dai ban gamsu ba gaskiya. Shekara 14 fa kace. Yaron da ubansa ya mutu yana ɗan shekara 5, bai san kowa ba sai uwa, kuma daidai lokacin da namiji ke fara ƙiriniya yana buƙatar ido a kansa shine za a ce an bar shi wa kaka, kakan da shi kansa ƙafarsa ɗaya na kabari? Duk wadda ta raini namiji ta san abin da nake faɗa. Kuma ka wuce wani wuri da sauri, ita babbar da kace an aurar shekararta nawa? Nasan dai in an yi auren a 1592 kuma biyun farko sun koma to ba za ta wuce 11 ko 12 ba, kuma wai ƙanin malamin nata aka ba, ni abin sai yayi min kamar an share hanya ne kawai don uwar ta samu ta tafi. Kayi haƙuri ba addininku nake taɓawa ba, ko a cikinmu wata ta yi haka zan faɗa. Ibadar da ta fi ƙarfin mace ta zauna da maraya ni ban san ta ba, ai da ta ƙara haƙurin shekara biyar ko shida ya zama mutum tukunna, Allah da take nema ba guduwa zai yi ba.

Dan_Damagaram:

Hajiya lissafinki daidai ne, yarinyar 11 take da shi lokacin da aka ɗaura auren a 1609, kuma kakan ma bai daɗe ba, a 1611 ya rasu. Ni ba Kirista ba ne, karatu ya kai ni Faransa kuma na taɓa zuwa Annecy ɗin, gari ne a bakin tafki duwatsu sun kewaye shi, cocin da aka ajiye ta yana can saman tudu sai ka yi haki kafin ka kai, a ciki an yi mutum-mutuminta a kwance da kayan sista, na bishop ɗin ma yana ɗaya ɓangaren, tsofaffin mata na ta kunna kyandir. Abin da mutane ba su cika sani ba, a zamaninta Annecy ba Faransa ba ce, ƙasar Savoie ce mai sarkinta daban, sai 1860 aka haɗe. Kenan ƙasar waje ta tafi ma ba wani gari kawai ba.

Amma ina so mu kalli abin da idon mutanen lokacin. Ɗan basarake a Faransa ta 1600 ba a gaban uwarsa yake girma ba ko tana raye ko tana gida, da ya kai shekara 10 zuwa 12 an tura shi makarantar kwana ko gidan wani babba ya koyi hawan doki da takobi, ɗan shekara 14 kuwa saura ƙiris a ba shi doki ya bi yaƙi. Auren yarinya ƙarama tsakanin manyan gidaje shi ma ba baƙon abu ba ne, dukiya da suna ake haɗawa. Ban ce yana da kyau ba, na ce ba ita ta ƙirƙiro ba. Kuma uwar mijin yarinyar ta rasu a watan Maris ɗin 1610, amarya 'yar shekara 11 ta rasa babbar mace a gidan, wannan na cikin hujjojin da aka bayar na tafiyar Jeanne Annecy.

Sannan ku duba me ke gaban bazawara mai shekara talatin da wani abu, mai ƙasa mai suna. Danginta sun matsa mata lamba ta sake aure, akwai wani attajiri abokin mahaifinta da ya fito, in ta yarda ita da dukiyar sun koma hannun wani namijin. In ta ƙi, tana nan gidan suruki ƙarƙashin 'yar aiki. Matsin ya kai ta ɗauki ƙarfe ta sa a wuta ta rubuta sunan Yesu a ƙirjinta don ta rufe wannan babin, tabon na nan har ta mutu. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan tsallake yaron wallahi, kuma yana nuna miki irin zuciyar matar, in ta ƙudurta abu ba ta waiwaye.

Wani abin kuma, gidan sistoci a wancan zamanin ba wurin da mace ke zuwa ta ɓace ba ne kawai. E, akwai 'yan mata da yawa da iyayensu suka tura dole saboda kuɗin da ake biya a shigar da yarinya gidan sistoci bai kai dukiyar da za a haɗa ta da ita in aure za ta yi ba, wannan zalunci ne kuma ya faru sosai. Amma ga mace irin Jeanne, nan ne kaɗai wurin da za ta riƙe ragama da kanta. Matar nan ta sayi filaye, ta yi ciniki da magina, ta yi jayayya da bishop-bishop da mahukuntan garuruwa, ta yi ta yawo a kan doki da keken doki daga wannan gari zuwa wancan. Lokacin da François de Sales ya rasu a Lyon a 1622 gidajensu 13 ne, lokacin da ita ta rasu a 1641 sun haura 80. Wannan aikin kusan shekara 20 ita ta ja shi ba shi.

Inda abin ya ba ni haushi shi ne maganar kulle. Da farko a Annecy sistocin sukan fita bibbiyu su duba marasa lafiya a gidajensu, duk da dai addu'a ita ce babban aikinsu tun asali. Da suka buɗe gida na biyu a Lyon a 1615 sai babban bishop na can, Marquemont, ya ce sam, dokar coci tun babban taron shugabannin coci na Trent a 1563 ta ce sista a bayan katanga take, kuma manyan gidaje ba za su ba da 'ya'yansu da dukiyarsu ga ƙungiyar da yarinya za ta iya fita ta dawo ta nemi gado ba. A 1618 aka mayar da su cikakkun 'yan kulle, ziyarar ta tsaya sai suna. Shi ya sa da Vincent de Paul da Louise de Marillac suka zo kafa tasu ƙungiyar a Faris a 1633 suka yi wayo, suka ƙi yarda a kira matan sistoci irin na kulle, alkawarin shekara-shekara suke yi, don kar a rufe su. Kuma Vincent ɗin ya san labarin ciki da waje tunda shi ke kula da gidan su Jeanne na Faris.

Abu_Sumayya:

Jama'a mu dai a Musulunci an hutar da mu, mace in mijinta ya rasu ta yi takabarta wata 4 da kwana 10, in ta so aure ta yi in ta so zama kan 'ya'yanta ta zauna, ibadarta kuma a ɗakinta. Rahbaniyanci, wato ƙaurace wa aure da duniya don ibada, Alƙur'ani ya ambace shi a Suratul Hadid aya ta 27, cewa su suka ƙirƙiro shi ba a wajabta musu ba. Amma adalci shine kada mu auna ta da ma'aunin da ba nata ba, a addininta wannan hanya ce mai daraja kuma ba a ɓoye ta tafi ba, da izinin ubanta ta fita. Mu ma muna da irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da ta ƙi aure ta duƙufa ibada kuma har yau ana ambatonta da alheri, sai dai ita ba ta bar ɗa a bakin ƙofa ba, nan ne bambancin, kuma nan ne nake tare da Hajiya. Malam Markus tambayata, shi yaron ya ya ƙare? Don ƙarshensa ne zai nuna ko tafiyar ta cutar da shi.

Katikis_Markus:

Malam Abu Sumayya ba zan ɓoye maka ba, yaron ya ba ta wahala. Ya tashi kyakkyawa, jarumi, ga kashe kuɗi, ga faɗan takobi irin na 'ya'yan sarauta wanda mutum biyu za su sa rana su fita su sari juna a kan 'yar magana, alhali sarki ya hana. Abokinsa na kusa, Bouteville, a kan wannan aka fille masa kai a Faris a 1627. Hajiya za ta ce kun gani, rashin uwa ne. Mai yiwuwa. Sai dai samarin gidajen sarauta na lokacin da iyayensu mata ke zaune a gida su ma haka suke, annoba ce ta zamanin.

Abin da nake so a lura, tsallake shi da ta yi ba shi ne rabuwarsu ba. Da mahaifinta ya rasu a 1611 ta fito daga Annecy ta koma Bourgogne ta yi watanni tana daidaita gadon yaran, da surukin ya rasu a 1613 ta sake komawa ta zauna ta bi lissafin gidan Monthelon da ya dagule, kuma 'yar aikin nan da ta gasa mata aya a hannu ba ta rama ba, ta sallame ta da alheri ita da 'ya'yanta. Wasiƙunta cike suke da zancen yaron nan, bashinsa, faɗansa, neman a yi masa addu'a. Ta tsaya har ya yi aure a 1623 da Marie de Coulanges, 'yar masu kuɗin Faris. A watan Yulin 1627 Ingila ta kawo hari tsibirin Ré, ya je cikin masu karewa, a can aka kashe shi yana da shekara 31. Ya bar jaririya, wadda ita ce ta girma ta zama Madame de Sévigné da duk ɗan makarantar Faransa ya sani saboda wasiƙunta.

Kuma ba shi kaɗai ta binne ba. Marie-Aimée mijinta ya rasu a 1617, ita ma ta bi shi a shekarar wajen haihuwa tana da 19, a hannun uwar ta cika a cikin gidan sistocin, jaririn ma bai zauna ba. Cikin 6 da ta haifa ɗaya tak ta rage bayanta. Sannan mu da muke karanta tarihinta mun san ta yi shekaru masu yawa tana fama da duhun zuciya, tana addu'a ba ta jin komai, shakka na damunta a kan bangaskiyar kanta, ga mata ɗaruruwa na kiranta uwa suna jiran ta ƙarfafa su. Ba wai ta shiga ta samu hutu ba ne.

Game da dalilin da ya sa coci ta ɗaga ta, ba don ta tsallake ɗa ba ne. Ƙungiyoyin lokacin irin Karmel tsanani gare su, tafiya ba takalmin kirki, azumi mai tsawo, kwana kan abu mai tauri, in ba ki da ƙarfi ba a ɗaukarki. Ita tata ƙofar a buɗe take ga zawarawa, da masu shekaru, da masu rauni ko naƙasa, aka rage wahalar jiki aka ce a yi ta a hali, haƙuri da tawali'u da zama lafiya da wadda ba jininku ɗaya ba. Ta rasu ranar 13 ga Disamba 1641 a gidansu na Moulins tana hanyar dawowa daga Faris, tana da shekara 69, Paparoma Clément na 13 ya sa ta cikin tsarkaka, wato waliyyai, a 1767.

Hajiya_Turai:

To Malam Markus na ji, kuma na yarda ba yar da su tayi ba tunda tana komawa, wannan ban san shi ba da. Amma komawa raba gado daban, zama da yaro ya dawo gida da dare ya tarar da uwa daban. Ni dai inda nake nan nake. Abin da na yaba mata shine maganar matar nan ta gidan suruki, wallahi da nice ranar da tsohon ya mutu ko ɗankwalinta ba za ta tsaya ɗauka ba.

Maman_Ilham:

Hhhh Hajiya kin kashe ni da dariya. Na gode muku duka, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya, ita Françoise da aka tafi da ita gidan sistocin tana ƙarama, ita ma sistar aka mayar da ita? Don in uwar ce shugaba ai ba ta da yadda za ta yi.

Dan_Damagaram:

A'a Maman Ilham, ko kusa. Yarinyar a cikin sistoci ta girma amma ranta na wajen kwalliya da kaya masu kyau da shiga mutane, uwar na ta yi mata faɗa a kan son ado, shi kuma bishop ɗin yana sassautawa. Da aka ga ba ta da ra'ayin zaman ba wanda ya tilasta mata, uwar da kanta ta shiga nema mata miji, kuma ta yi abin da iyayen lokacin ke yi, ta duba asali da hali da abin hannu ta zaɓo Antoine de Toulongeon, soja ne basarake da ya girme ta sosai. Aka yi auren a 1620 tana da shekara 21. Daga baya aka naɗa shi gwamnan Pignerol, wani gari mai ganuwa a ɓangaren Italiya da Faransa ta riƙe a lokacin, ya rasu a 1633, shekarar da matar Celse-Bénigne ma ta rasu. Françoise ba ta sake aure ba kuma ba ta shiga gidan sistoci ba, ta zauna a gidanta kusa da Autun ta riƙe dukiyarta da 'ya'yanta har ta tsufa, ta rasu a 1684. 'Yarta Gabrielle ce ta auri Bussy-Rabutin, ɗan uwansu ta wajen uba, wanda bakinsa da alƙalaminsa suka ja masa sarki Louis na 14 ya jefa shi kurkukun Bastille sannan ya kore shi daga fada.